Jan Fentin Kalilu

Duk ɗalibin Nijeriya da ya sa rigar kammala karatu a jami'ar da ke titin Jalan Semarak a shekarun nan, da wuya a ce bai tsaya gaban kyamarar Ɗayyabu Alkasim ba. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya kamar wanda ya baro tukunya a wuta. Daga Gumel ya zo Kuala Lumpur a 2012 don digiri na biyu, ya gama, ya ƙi komawa. Ya auri Hasna, wadda ke fama da nata digirin na uku, suka kama gida a hawa na goma sha tara a unguwar Wangsa Maju, suka haifi 'ya ɗaya, Ulfa. Sana'arsa hoto: na kammala karatu, na suna, na walima, na fasfo. Sai kuma wata sana'ar da ba ya rubutawa a katinsa, wadda ɗalibai ke kira "sa ƙanƙara".

Ga yadda take. Mutanenmu na gida sun riga sun yanke cewa ƙasar waje sanyi gare ta. Yaro ya zo garin da gumi ke jiƙa masa riga tun kafin ya isa tashar jirgin ƙasa, amma gwaggonsa na tambayarsa ko yana da isasshen bargo. To ba ya so ya ba ta kunya. Sai ya zo wajen Ɗayyabu, a ara masa wata ƙatuwar rigar sanyi da ke rataye bayan ƙofa, a ɗauke shi a falo ƙarƙashin fanka, a sauko da hoton dutse mai dusar ƙanƙara daga intanet a liƙa masa a baya. Rigar nan ta je gidaje a Kano da Katsina da Azare fiye da yadda mai ita ya taɓa zuwa. Ɗayyabu bai taɓa ganin laifin abin ba, domin shi ne ma ya fara yi wa kansa.

Mahaifinsa, Malam Alkasim Mai Hoto, ya yi shekara arba'in yana ɗaukar mutanen Gumel a wani ɗan shago kusa da tasha. A bangon shagon akwai labule na zane mai kauri, wanda amininsa Kalilu mai fentin motoci ya zana masa tun 1978: kogi, 'yan itatuwa, da wani dogon dutse mai ƙanƙara. Sai dai Kalilu bai bar kan dutsen fari ba, ja ya yi masa, ja mai ruwan garwashi. Ya ce wani malamin lissafi ɗan Pakistan da ya koyar a sakandaren garin ne ya nuna masa hoton garinsu, ya kuma ce masa haka ƙanƙara take yi in rana za ta fito ko za ta faɗi. Majalisar ƙofar shagon ba ta taɓa yarda ba. Suka ce farin fenti ne ya ƙare masa, ya ci kuɗin, ya ƙarasa da ragowar na bodin mota. Shekara talatin da ɗoriya ana yi masa wannan tsiya duk yamma, Malam Alkasim kaɗai ke tsaya masa. In aka kawo hoton kalanda a matsayin shaida, majalisa ta ce ai shi ma fenti ne.

Ranar da Ɗayyabu zai taho, uban ya ja shi gefe ya ce, "In ka je wajen nan, ka dubo mini dutsen da idonka. Ka ɗauko shi da hannunka." A wajen tsohon, ƙasar waje duk unguwa ɗaya ce. Daga nan kowane kiran waya da tambayar yake ƙarewa. Da Ɗayyabu ya gaji, sai ya sa rigar sanyin, ya zaɓi wani dutse fari tas, ya liƙa kansa, ya aika. Ya ce hutu suka je, ya tsaya tun asuba har rana ta fito, bai ga ja ba. Bai ɗauka ƙarya babba ya yi ba, domin shi ma a ransa da majalisa yake. Ƙanƙara fara ce, kowa ya sani.

Malam Alkasim ya wanke hoton, ya kai majalisa da kansa, ya ce ɗansa ba ya yi masa ƙarya. Washegari ya sayi farin fenti ya shafe kan dutsen, Kalilu na zaune yana kallo. Daga nan Kalilu ya rage zuwa shagon. Bayan shekara biyu ya rasu.

Ɗayyabu ya yi shekara shida bai sake tuna maganar ba, sai wata rana a ƙarshen 2019 da ya tsaya karɓar saƙo a ɗakin masu gadin gininsu. Mai gadin, Padam, ɗan Nepal ne, gajere mai fara'a, da Malayanci suke magana. A jikin gilashin tagarsa ya manna wani ɗan hoto: dutse mai tsini, ƙasansa ya yi duhu, kansa ja zur.

"Wa ya gyara maka wannan?" in ji Ɗayyabu. "Ya zuba ja da yawa. Kawo na rage maka, kyauta."

Padam ya yi dariya. "Ba gyara, bos. Matata Sarita ta ɗauka daga kan rufinmu. Haka yake yi safe da yamma in ba girgije. Minti biyar, shi ke nan."

Ɗayyabu ya hau lif bai ɗauki saƙon da ya zo karɓa ba. Ya zauna gaban kwamfuta ya yi ta bincike, abin da ya kamata ya yi tun shekara shida da suka wuce, ya ga ja iri-iri a kan duwatsu iri-iri. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ka da wanda za ka nuna wa. Ya sayi tikitin Kathmandu, babban birnin Nepal, na watan Afrilu, ya sayi dogon gilashin kyamara da ƙafafun dasa ta. Ya shirya zai je ya tsaya da ƙafarsa, ya ɗauko da hannunsa, sannan ya faɗa wa Baba gaskiya, hoton na hannu. Haka nan ba zai iya ba.

Ranar sha takwas ga Maris aka kulle ƙasar saboda korona. Babu jirgi, babu bikin kammala karatu, babu suna, ko masallaci an rufe. A cikin satin nan kuma ƙanwarsa Barira, wadda ke kula da tsohon, ta kira ta ce sun dawo daga asibitin ido a Kano. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana rufewa daga gefe, yanzu Baba kamar ta bakin kwalba yake kallon duniya. Likita bai faɗi wata nawa ya rage ba, ya ce dai ba a dawo da abin da ya tafi.

Mutumin da ba ya iya zaman minti goma aka ce ya zauna a ɗaki biyu da falo. Ya goge gilasan kyamararsa har Hasna ta ce zai suɗe su. Ya ƙirga takun falon, tara ne daga ƙofa zuwa baranda, ya yi ta maimaita su. Dokar ta ce maigida kaɗai zai fita cefane, shi kuwa ya riƙe wannan dama da hannu biyu: ya sa takunkumi ya sauka sayen albasa, ya dawo ya tuna ba tumatir, ya dawo ya tuna ba gishiri. Kullum da safe sai ya duba ko an buɗe filin jirgi, ya sake dubawa da azahar ko an buɗe a bayan idonsa. Da yamma ya dasa kyamara a baranda ya auna tsaunin Bukit Tabur, wanda ake hangowa bayan gine-gine, yana koyon yadda hasken ƙarshe ke hawa dutse ya sauka. Tsaunin ba ƙanƙara, daji ne da farin dutse kaɗan, amma ya yi masa hoto fiye da dubu.

"Abban Ulfa, don Allah ka zauna, kana sa mini jiri," in ji Hasna wata rana, tana ɗago kai daga rubutunta. "Ka yi download ɗin bidiyo mai kyau ka tura wa Barira mana. Akwai su da yawa."

"Abin da na yi wancan karon ke nan."

"To ka kira shi ka faɗa masa gaskiya. Wannan ba ya buƙatar visa."

Ya ce zai kira. Kullum yana kira kuwa, ya tambayi jiki, ya tambayi magani, ya tambayi ko an yi ruwa, ya ajiye. Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Tsohon da ya ɗauki maganarsa ya kayar da amininsa na shekara arba'in, da wane baki za a ce masa a falo aka ɗauki hoton?

Padam ma a kulle yake, shekara uku bai ga gida ba, hutunsa ya faɗa cikin annobar. Ɗayyabu ya saba yi masa tapau, wato ƙunshin shinkafa, daga shagon mamak, na Indiyawa Musulmi, in ya fita cefanensa na ƙarya, su tsaya nesa da juna suna hira ta taga. A watan Yuni ne, yana kallon ɗan hoton nan na jikin gilashi, ya ce ko Sarita za ta yarda ta ɗaukar masa sabo, shi yana gaya mata yadda za ta yi. Ba hannunsa ba ne, amma dai ya san mai hannun, ya san ranar.

"Boleh, zai yiwu," in ji Padam. "Amma ka makara, bos. Damina ta shigo. Dutse ya shiga ɗaki sai Oktoba."

Wata huɗu ke nan. Duk da haka Ɗayyabu bai bar baiwar Allah ta huta ba. Ya yi ta aika darasi ta bakin mijinta: ta goge gilashin wayar da gefen zane, ta jingina ta da bango kada hannu ya girgiza, ta taɓa kan dutsen a fuskar wayar don kada haske ya cinye launin, kada ta jawo hoton da yatsu. Sarita ta yi ta aiko da hoton girgije, yau toka, gobe toka mai duhu. Rannan ta aiko da saƙon murya mai tsawo da zafi. Padam ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce tana gaishe shi, ta kuma ce tana da baunar da za ta tatsa da shinkafar da za ta cire wa ciyawa, in dutse ya fito ita za ta fara sani. A Gumel kuwa Barira ta ce Baba ya daina gane fuska sai an matso, ya fara laluben kofin shayinsa.

Ranar sha tara ga Oktoba, an sake tsananta kullen a Kuala Lumpur, hoto ya shigo bayan magariba. Ja. Ya karkace kaɗan, da igiyar shanya a gefe, amma ja ne irin na labulen Kalilu, har da duhun da ke ƙasansa. Ɗayyabu ya yi takun falon sau ba adadi da wayar a hannu. Hasna ta tashi ta karɓa, ta danna lambar Barira, ta miƙa masa, ta shige ɗaki da Ulfa ta rufo ƙofa.

Ya faɗa duka. Rigar aro, fanka, dutsen intanet, asubar da bai taɓa tsayawa ba.

"Kalilu ya riga ya tafi," in ji Malam Alkasim.

"Na sani, Baba. Ku yafe mini. Ga hoton gaske nan zan turo wa Barira yanzu."

"Ba na so. Wancan karon ma hoto ka turo."

Ya miƙa wa Barira wayar, aka ji takun sandarsa yana fita.

Sai bayan kwana uku Barira ta shawo kansa da wata dabara. In hoto ne ba ya so, to a nuna masa dutsen kai tsaye, yana kallo rana na faɗuwa. Ya ce wannan ya ji. Ɗayyabu ya zauna ya daidaita agogo uku: ƙarfe biyar da 'yan mintoci na yamma a ƙauyen su Padam, bakwai da rabi a Wangsa Maju, sha biyu da rabi na rana a Gumel. Ranar farko girgije ya dawo. Ta biyu ba wuta a Gumel, wayar Barira ta mutu ana cikin gaisuwa. Ta uku Sarita ta tafi girbi. Ta huɗu hoton ya daskare tun dutsen na fari, da ya motsa har duhu ya yi. Kowace rana Ɗayyabu na sallame magariba yake sauka da gudu, kowace rana ya hau yana jin kamar shi ne ke ɗebe wa tsohon ganin da ya rage da cokali.

Ranar wata Talata a tsakiyar Nuwamba komai ya tsaya daidai. Suna tsaye a tagar ɗakin gadi, Padam ciki, Ɗayyabu waje, waya a tsakaninsu, fuskarta ta rabu biyu, Gumel da Nepal. Can ga Barira ta shigar da Baba ɗaki ta rufe taga don duhu, ta ƙara girman hoton Sarita ya cika wayar, ta kai masa ita dab da idon dama. Tsohon yana ta juya kai a hankali yana neman dutsen ta 'yar kafar da ta rage masa.

"Fari ne," ya ce.

"Ku ɗan jira, Baba."

Farin ya fara komawa ruwan ƙwai. Inuwa ta taso daga kwari tana hawa. Sarita ta gyara tsayuwa, dutsen ya yi rawa.

"Wace ce ke riƙe da abin nan? Ka ce mata ta daina motsi."

Ɗayyabu ya faɗa da Malayanci, Padam ya faɗa da harshensu, dutsen ya tsaya cak. Muryar da ta yi maganar ba ta mara lafiya ba ce. Muryar shago ce, wadda ta yi shekara arba'in tana cewa amare su ɗaga haɓa.

"Sama ta yi yawa. Ta sauko kaɗan. Yawwa. Tana iya ɗauka a haka?"

"Da wayar maƙwabciyarta za ta ɗauka, Baba, tana ɗaya hannun, ta jingina su tare."

"To kada ta danna sai na ce. Kafin magana ta bi ta bakinku biyu an yi asara, don haka zan faɗa da wuri."

Ruwan ƙwai ya koma ruwan goro. Ɗayyabu ya ji yatsansa na danna iska. Shi da a ce shi ne, da tuni ya ɗauki hamsin. Tsohon kuwa ya saba da fim mai tsada, guda ɗaya yake jira. Inuwa ta cinye rabin dutsen, ta cinye kashi biyu cikin uku, sai tsinin kaɗai ya rage a haske.

"Yanzu."

Maganar ta bi ta Malayanci, ta bi ta bakin Padam, ta isa kan rufin, kuma daidai lokacin da ta isa tsinin ya kama ja zur. Suka ji ƙarar dannawa. Jan ya yi minti biyu ko uku, ya dushe, dutsen ya koma toka. Padam ya juya baya yana gyara littafin baƙi da ba abin da ya same shi, domin shi ma rufin gidansa yake kallo.

"Ka gode mata," in ji Malam Alkasim. Sai ya ce, ba da kowa ba, "Kalilu na zaune a kan bencin shagon nan na shafe shi. Har ya riƙe mini gwangwanin."

Barira ta kashe kiran.

Kwana tara tsohon bai karɓi wayar ɗansa ba. Barira ta ce yana cin abinci, yana zuwa masallaci, ya dai sa an buɗe tsohon shagon, kullum yana can shi kaɗai da reza da kwalbar kalanzir, ya hana kowa taya shi. Ɗayyabu ya koma takun falo. Wani ɗalibi ya kira yana so a sa masa ƙanƙara don bikin ƙanwarsa, ya ce masa ya daina wannan aikin. Rigar sanyin ya sauko da ita ya ba Padam, ya ce in an buɗe hanya ya kai wa Sarita, can ne take da amfani.

Rana ta goma saƙo ya shigo daga Barira. Hoto ne, ita ta ɗauka, ya yi duhu. Malam Alkasim ne zaune a kan benci gaban labulen, da babbar rigarsa ta Juma'a, ya matsa gefe ɗaya ya bar wurin zaman mutum guda. A bayansa an kankare farin fentin, ba duka ba, inda hannu ya iya lalubowa. Rezar ta huda zanen a wuri biyu. Ta tsakanin ragowar farin, jan Kalilu ya fito.

A ƙarƙashinsa akwai saƙon murya na daƙiƙa takwas. Ɗayyabu ya zauna, ya kunna.

"Ɗayyabu, ka gyara hasken, za a kai wa iyalan Kalilu. Hasken kawai. Kada ka taɓa dutsen."